Sammaci Zuwa Tsallaken Gada

Ranar da takardar ta zo, Mai Kwafi ko ɗagowa ba ta yi ta kalli wanda ya kawo ta ba.

Shagonta ɗan mitsitsi ne a jikin katangar kotu, inji ɗaya, kujera ɗaya, sai bencin masu jira. Duk wanda ya shigo da buƙata ɗaya yake zuwa, a kwafa masa damuwarsa gida uku: ɗaya ta alƙali, ɗaya ta abokin shari'a, ɗaya ya kai gida ya ajiye. Shekara shida tana wannan aiki har ta koya wa idonta kawar da kai. Takardar saki ce, ta gado ce, ta rikicin fili ce, kife ta take yi a kan gilashi, ta danna, ta miƙa, ta karɓi kuɗinta.

Akawun wani lauya ne ya shigo da shafi huɗu, waya manne a kunnensa. Na farko ya fito lafiya, na biyu ma haka. A na uku injin ya ja wani baƙin layi a tsakiyar takardar, kamar yadda yakan yi in ya bushi iska. Ta ɗago ta don ta ga ko za ta karantu, sai idonta ya sauka a kan sunan 'yarta.

A tsaye ta karanta. Roƙo ne daga tsohon mijinta, yana neman a ɗauke shari'ar ciyar da yarinyar daga wannan kotu a mai da ita kotun tsallaken gada, wai yarinyar ta koma can da zama. Shafi na uku shi ne hujjarsa: takardar rantsuwa daga wani mai gida, yana shaida cewa yarinyar da uwarta a gidansa suke zaune tun watan jiya. A ƙasa ga sa hannu mai doguwar jela da ta lanƙwasa ta koma baya.

Ta san jelar nan. Tana da rasit sun fi ashirin a durowa masu ɗauke da ita, domin duk sanda Injiniya ya gyara mata inji sai ya rubuta rasit, ko da bai karɓi ko sisi ba.

Akawun ya ce mata sauri yake yi. Ta sake kwafar shafin, ta haɗa masa takardunsa, ta ba shi canjinsa daidai. Wadda ta ɓaci da baƙin layi kuwa ta ninke ta ta sa a jaka. Sai da ya fita sannan ta zauna a bencin masu jira kamar ita ma baƙuwa ce a shagon.

Bari in tsaya in yi bayani, don wanda bai san gadar nan ba zai ce me ya yi zafi haka.

A ido gari ɗaya ne kogi ya raba biyu, amma kowane gefe da jiharsa da dokarsa. A wannan gefen, in kotu ta yanka wa uba kuɗin ciyar da ɗansa, ba ta zama jiran imaninsa. Takarda take aika wa ofishin albashi, a zare kuɗin tun kafin ya ji ƙamshinsu. A tsallake kuwa alƙali zai yi hukunci mai daɗin ji, a buga hatimi, a miƙa wa uwa takarda ta tafi da ita tana murna. In uban ya ƙi biya ta koma, sai a ce ta je a sasanta a gida, ai uba uba ne. Fayil kuma yaro yake bi. Inda yaro ke kwana, kotun nan ce ke da iko.

Tsohon mijin nata mutanen unguwa Sai Gobe suke ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan da bakinsa. Shekara uku Mai Kwafi ta yi tana hawa da sauka a matakalar kotun nan, da farko da goyo, daga baya tana jan yarinyar a hannu, kafin aka fara zare masa kuɗin. Da ya ji zafi ya kwashe kayansa ya koma tsallake, bai san ofishin albashinsu a wannan gefen yake ba, aka ci gaba da zarewa. Yanzu 'yar tasu, Ƙarama, tana da shekara bakwai. Da kuɗin nan take zuwa makaranta, da su ake sayo maganin shaƙa na asmarta, wadda ba ta sallama in za ta tashi.

Shi kuma Injiniya ba injiniyan kowa ba ne. Mai gyaran injin kwafi ne, da jakar sukudireba da baƙin tawada a ƙarƙashin farce, mutanen kotu suka laƙaba masa sunan don tsokana ya bi shi. Shekara biyu ke nan yana neman aurenta, ita ma kuma, in za a faɗi gaskiya, ba ta taɓa son wani kamarsa ba. Gidansu yana tsallake. Mahaifiyarsa, Iya, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita shekara biyar, shi ke juya ta, shi ke ba ta abinci, haya a wannan gefen kuwa ta fi ƙarfin jakarsa. In Mai Kwafi ta tsallaka da Ƙarama, fayil ya tsallaka. Shi ya sa duk sanda ya tada maganar sa rana sai ta ce ya ƙara haƙuri, an ce jihohin biyu za su yi yarjejeniya. An daɗe ana cewa.

* * *

Ta kira shi ta ce inji ya lalace, ba ta ƙara komai ba.

Bayan azahar ya iso da fara'arsa, yana tsokanarta wai ita da injin nan baki suka haɗa don su riƙa ganinsa. Ya ajiye jaka ya ɗaga murfin. Ita kuma ta zaro takardar ta shimfiɗa masa a kan gilashin.

Ya daɗe yana kallon takardar. Fara'ar ta sauka daga fuskarsa a hankali.

"Da ma zan gaya miki," ya ce.

"Yaushe?"

"In an gama. Na gaji da zuwa miki da alkawari, na so in zo miki da abu a hannu."

Ya ja bencin ya zauna ya ba ta labari, idonsa a ƙasa. Sau uku Sai Gobe ya same shi a wurin aikinsa. Ya ce masa a tsallake, da zarar uwa ta yi aure uba yana da damar neman 'yarsa, kuma rantsuwa ya yi zai nema ranar da aka ɗaura. Amma in Injiniya ya sa hannu a takardar nan fayil ya koma tsallake, zai rubuta da hannunsa cewa ya bar wa uwar yarinyar har abada. Ya laluba aljihun gaba ya fito da wata takarda da ta sha ninki, ya miƙa mata da hannu biyu kamar mai ba da kyauta.

Ta buɗe. Layi huɗu ne da biro, babu hatimi, babu shaida. Ita da ta shekara shida tana ganin takardu masu hatimi uku suna zama tarkace, ga wadda aka sayi saurayinta da ita. Dariya ta zo mata, da ta buɗe baki sai kuka ya fito.

"'Yarki na saya miki, Maman Ƙarama," ya ce. "Abin da na yi ke nan. Ya riƙe kuɗinsa. Ni zan ciyar da ita, ni zan biya makaranta, ni zan sayi maganin. Ba na son kuɗin wani namiji yana shigo mini gida duk wata kamar ba na numfashi."

"Kuɗin nan ba nawa ba ne balle in yafe, Injiniya. Ba naka ba ne balle ka sayar. Na yarinyar ne." Ta goge ido da gefen mayafi, wasu suka zubo. "In ka kwanta ciwo fa? In ka mutu? In ka gaji da ni kamar yadda wancan ya gaji?"

"Ni kike haɗawa da shi?"

"Shi ma da zai aure ni har kuka ya yi."

Maganar ta soke shi, ta gani a fuskarsa, ta kuma so ta janye ta amma ba ta janye ba. Ya ce shekara biyu yana jira, ya gyara ɗaki, ya yi fenti, kullum Iya tambayarsa take yaushe. Ya ce shi ma mutum ne, ba dutse ba. Ita ta ce shekara uku ta yi a kan matakalar can babu wanda ya riƙe mata ko jaka, shi kuma da biro ɗaya ya share su a minti guda, bai ko tambaye ta ba. Ta ce abin da ya fi ci mata rai ba sa hannun ba ne, a'a, zama da suka yi su biyu maza suka yanke yadda rayuwar 'yarta za ta kasance, ita tana nan tana danna inji.

Wata mata ta leƙo da takardu, ta ga idanun mai shago, ta ce bari ta dawo.

"Ka san abin da ya kamata ka yi," in ji Mai Kwafi.

"Ke ma kin sani," ya ce. Ya ɗauki jakarsa ya fita, murfin injin a buɗe.

* * *

A gida ma ba ta sami inda za ta sa kanta ba. Ɗaki biyu suke zaune a bayan gidan Yaya Babba, ita da Umma da Ƙarama, kuma labari ya riga ta isa, domin kotu ba ta da asiri, akawun lauyan nan bakinsa ya fi injin nata saurin kwafi.

Yaya Babba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya. In ka dube shi da kyau, daɗin gaskiyarsa ta fito ya fi baƙin cikin abin da ya sami ƙanwarsa yawa. Tun farko ya ce ba ya son mutumin tsallake. Tun farko ya ce ga Magatakardan kotu nan, dattijo mai natsuwa, matarsa ta rasu, gidansa na kansa layi uku daga kotu, sau biyu yana aiko manya. In ta aure shi yarinya ba ta motsa ba, fayil bai motsa ba, wa ma zai taɓa fayil ɗin 'yar matar Magatakarda?

"So ba ya sayen maganin asma," ya ce. "Ke ba yarinya ba ce. Kin yi na so kin ga yadda ya ƙare, yanzu sai ki yi na hankali."

Umma ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce ita dai tsufa ya zo mata, tana so ta ga 'yarta a inuwar wani kafin ta rufe ido. Ta ce Injiniya yaron kirki ne, amma kirki daban, dabara daban. Suka yi ta auna mata maza biyu kamar masu zaɓen buhu a kasuwa, wannan ya fi nauyi, wancan ya fi kyan baki. Babu wanda ya tambaye ta yadda take ji.

Ƙarama na gefe tana aikin makaranta a kan tabarma, numfashinta na ɗan fito da sautin nan siriri da uwarta kaɗai ke ji. Ta ɗago ta tambaya ko Kawu Injiniya zai zo ranar Asabar, ya ce zai kawo mata fararen takardu ta yi zane. Mai Kwafi ta ce mata ta gama lissafinta tukuna.

Washegari da safe ta je tagar Magatakarda. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kullum da tabarau a kan hanci da biro uku a aljihu, kuma gaskiya a lokacin shari'arta ya taimaka mata, ya sha ciro fayil ɗinta daga ƙasa ya ɗora a sama. Ya ce ya ga roƙon. Ya ce tana da kwana bakwai ta shigar da takardar ƙin amincewa, in ba haka ba fayil ya tafi. Sai dai dole ta rubuta ƙarara cewa rantsuwar ƙarya ce, alƙali kuma zai kira mai rantsuwar ya zo ya yi bayani. Rantsuwar ƙarya a gaban kotu ba wasa ba ce, tara ce mai nauyi, wani lokaci har da ɗauri.

Ta tambaya, in mai rantsuwar ya zo da ƙafarsa ya janye fa?

Magatakarda ya gyara tabarau. Ya ce in ya zo da kansa kafin wa'adin, gargaɗi ne kawai, roƙon kuma ya faɗi. Ya faɗi wannan a gaggauce kamar mai haɗiye magani mai ɗaci, amma ya faɗa, kuma ta ga girmansa a kan haka. Da za ta tafi ya ƙara da cewa maganarsa ta kwanaki tana nan, ba ya gaggawa.

* * *

Kwana shida ta yi tana jira.

Ba ta kira Injiniya ba. A ganinta wanda ya ɗaura shi ya kamata ya kwance, kuma in sai ta roƙe shi zai janye, to bai gane komai ba ke nan. Duk inuwar da ta gitta ƙofar shago sai ta ɗago da sauri, ta ga mai takardar gado ne ko mai neman canji. Baƙin layin injin ya ƙara kauri har masu kawo aiki suka fara ƙorafi, maƙwabcinta mai sayar da ambulan ya ce akwai wani mai gyara a bayan tasha, ta ce ta ji. Ba ta nemo shi ba.

Da rana in shago ya yi shiru sai ta ciro waya ta duba, ta mayar. Ta saba ƙarfe ɗaya yakan kira ya tambaya ko ta ci abinci, ita kuma ta yi ƙarya ta ce ta ci. Yanzu babu wanda za ta yi wa ƙaryar. Kewarsa take yi har cikin ƙashinta, tana kuma jin haushinsa daidai gwargwadon kewar, ga shi duk garin nan babu mutum ɗaya da za ta gaya wa duka biyun ya fahimta. Umma za ta ji haushin ta bar kewar. Ƙawayenta za su ji kewar su ce ta yafe, namiji mai son riƙe 'yar wani ai ba a samunsa a hanya.

Shi ma fa, Allah ya sani, jira yake. Yana can yana cewa in tana sonsa za ta bar kwanakin su wuce. Haka suka zauna kowa da gefensa na kogi, kowa yana sauraron wayar da ba ta yi ƙara ba.

Ranar ta bakwai ta rufe shago da hantsi ta zauna ta rubuta. Sunanta, sunan yarinya, lambar gidan Yaya Babba, sunan makaranta, duk suka tafi sumul. Da ta zo inda za ta ce rantsuwar ƙarya ce sai biron ya tsaya. Ta gwada "kuskure ne", ta gwada "ba haka ba ne", ta san babu wanda zai karɓu. Ta rubuta kalmar, harafi biyar, ta ɗauki fiye da rabin awa.

Magatakarda ya karanta, ya buga hatimi, ya cike takardar sammaci. Sai bai ajiye ta a tiren masinja ba, ya turo mata ta ƙarƙashin taga.

Ya ce masinjan kotun nan a bakin gada ikonsa yake ƙarewa. In an bi ta ofis, sai an aika wa kotun tsallake su su kai, kuma ita ma ta san yadda takarda ke tsufa a can. Zama kuwa makon gobe ne. In mai rantsuwar bai karɓi sammaci ya sa hannu ba, alƙali zai ɗauki rantsuwarsa yadda take. Doka ta yarda mai ƙara ta kai da kanta.

"Ni zan kai masa?"

"Ko ki sami wanda zai kai. Yayanki, misali."

Ta tuna fuskar Yaya Babba a bakin ƙofa, ta san da ganga zai tara wa Injiniya unguwa. Ta ninke sammacin ta sa a jaka. Magatakarda ya ce zai iya rage mata hanya a motarsa zuwa bakin gada, ta yi godiya ta ce za ta hau bas.

* * *

Gadar ba ta da wani tsawo, minti uku ne a bas in babu cunkoso. Ta zauna a jikin taga, jakar a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Mutanen ciki na ta gardama da kwandasta a kan canji, ba wanda ya san ta.

Sau biyu ta taɓa zuwa gidan, duka gaida Iya. Ta tarar da ƙofa a buɗe, ta yi sallama, muryar tsohuwar ta amsa daga ciki da murna tun kafin ta gan ta. A tsakar gida ta wuce wani ɗaki da aka bar tagarsa a buɗe don warin fenti ya fita. Ba ta yi niyyar leƙawa ba. Bango ruwan sama-sama, labule sabo, a lungu kuma ɗan ƙaramin gado na yara, an ɗora masa ɗan teburin karatu a gefe. Ta kawar da kai da sauri.

Injiniya na zaune a bakin gadon Iya da kwano da cokali. Da ya gan ta ya miƙe, cikin ɗan lokacin nan ta ga farin ciki ya haska masa fuska, ya ɗauka ta sauko ne. Ya rame. Ta durƙusa ta gaida Iya, tsohuwar ta kama hannunta da hannunta mai lafiya tana cewa ɗiyata, ɗiyata, kin guje mu.

Ta ce masa tana son magana da shi a waje. Suka tsaya a bakin ƙofar ɗakin, labule kaɗai tsakaninsu da Iya. Ta zaro sammacin ta miƙa masa tare da biro.

Ya karanta har ƙasa, ya koma sama.

"Maƙaryaci kika kira ni a gaban alƙali."

"Kwana shida na yi ina jiran ka zo ka faɗa da bakinka."

"Ni ma kwana shida na yi ina jiran ki zaɓe ni." Ya ɗaga sammacin. "A kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, Maman Ƙarama. Ni nan da kike gani, ubana ya tafi ina shekara huɗu, ko sisinsa ba mu ƙara gani ba. Iya ta raine ni ita kaɗai. Ga ni nan, na mutu? Me ya same ni?"

"Ku shigo nan."

Iya ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma duka suka shiga kamar yara. Ta ce wa ɗanta ya ɗaga gefen katifa ta wajen kanta, akwai wata leda. Ya ciro. A ciki takarda ce da ta yi ja don tsufa, ninkin ya kusa raba ta huɗu, ga hatimin kotun tsallake har yanzu ana ganinsa. Hukunci ne a kan ubansa, na kuɗin ciyarwa duk wata. Bai taɓa sanin akwai ta ba.

"Shekara huɗu na yi ina kai takardar nan ina dawowa da ita," in ji Iya. Ba shi take kallo ba, Mai Kwafi take kallo. "Shi ya ɗauka iyawa na yi. Ban iya ba, 'yar nan, ɓoyewa na yi. Bai san abin da na sayar ba, bai san ƙofofin da na durƙusa ba. Ya ce ba abin da ya same shi, gaskiya ne, ni ya sama. Da yana da ƙanwa, ya sani. Zazzaɓi ne kawai, na kwana uku, na rasa kuɗin allura, ta rasu."

Injiniya ya tsaya da takarda a kowane hannu, tsohuwa da sabuwa.

"Wallahi ina sonki a gidan nan," Iya ta ci gaba, hawaye na gangara mata zuwa kunne ba ta da halin sharewa. "Kullum sai na ce ya buɗe tagar can in ji warin fentin. Ɗana mutumin kirki ne, zai riƙe ku iyakar ƙarfinsa. Amma ƙarfin mutum ɗaya ne da shi. Kada ki tsallako da yarinyar nan, ɗiyata. Ko ni na roƙe ki, kada ki tsallako."

Mai Kwafi ta kifa kanta a gefen katifar ta yi kukan da ta kwana bakwai tana riƙewa. Duk faɗin garin nan, gefe da gefe, mutum ɗaya ta samu da ta gane abin da ke ranta, ita ce kuma take sallamarta.

Ta ji ƙarar biro a kan takarda. Da ta ɗago, Injiniya ya dafa sammacin a jikin bango yana sa hannu. Ya yage rabin da za ta mayar wa kotu ya miƙa mata, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Zan zo," ya ce. "Zan faɗa wa alƙali da bakina."

Ta karɓa. Ta tsaya ko zai ƙara wani abu, ko ita za ta sami abin cewa. Shi kuwa ya riga ya durƙusa a gaban gadon, ya ɗauki gefen zanen uwarsa yana share mata hawaye, yana tambayarta a hankali me ta sayar. Mai Kwafi ta saki labulen ta fita, babu wanda ya ji fitarta.